Kurakuran da ɗalibanmu suka fi yi idan sun fita karatu ƙasar waje

Yawancin ɗaliban Bauchi da Gombe da ke shiga tsaka mai wuya a ƙasar waje ba jarrabawa ce ke kayar da su ba, takarda ce da kwanan wata. Kuma tun daga gida abin yake farawa.

A takardar WAEC an rubuta Mohammed, a NIN an sa Muhammad, fasfo kuma ya zo da sunan gari a ƙarshe. A nan ba mai ɗaga kai ya duba, amma ma'aikacin ofishin jakadanci mutum uku yake gani. Ka daidaita sunan tun kafin ka nemi gurbin karatu: NIN tukuna, sannan fasfo. Takardun makaranta kuma, ƙasashe da dama ba sa karɓarsu sai da hatimin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da na Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja. Wanda ya tafi babu su, sai ya dawo yana roƙon ɗan'uwa ya yi masa zirga-zirga.

Katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad, ba ya aiki sai allurar ta cika kwana 10. Mai yin ta jajibirin tafiya ya riƙe kati ne kawai. Indiya na iya killace irinsa har kwana 6.

Sai ranar tafiya. Ɗalibi ya sayi tikiti daga Gombe ko Bauchi zuwa Abuja da safe, jirginsa na Addis Ababa ko Alkahira kuma da rana, a tikiti daban. Jirgin gida ya yi latti, na waje ya tashi, kamfanin kuwa ba ruwansa, tunda ba shi ya sayar da na farkon ba. Mafi muni, wanda bai hau zangon farko ba yawanci ana soke masa har da na dawowa. Kwana ɗaya a Abuja ko Kano ya fi wannan asarar araha nesa ba kusa ba.

Jaka kuma nan ne ƙauna ke jawo rigima. Hajiya ta ƙulla kilishi da dambun nama, gwaggo ta kawo man shanu a gora. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama da duk abin da aka yi da madara. Saudiyya ba ta yarda da goro ba. Tramadol da maganin tari mai kodin na iya kai mutum kurkuku a Masar ko Dubai. Kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji sun fi sauƙin wucewa, in an ƙulle su da kyau kuma an nuna su lokacin da aka tambaya. Daddawa a ninka mata leda uku, in ba haka ba kayan sawa ma sai sun ɗauka. Saƙon da ba a gabanka aka ɗaure ba, ko na wane ne, ka ce a yi haƙuri. A auna jaka tun a gida. Yawancin kamfanoni kilo 23 suke bayarwa kowace jaka. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya.

Biza kuwa ba ita ce iƙama ba, wato takardar izinin zama a ƙasa, kuma wannan ne ya fi cin mutane. Biza ta buɗe maka ƙofa ne kawai. A Indiya, mai bizar da ta wuce kwana 180 dole ya yi rajista da FRRO, ofishin rajistar baƙi, cikin kwana 14 da sauka. A Malesiya akwai gwajin lafiya cikin kwana 7 na farko kafin a buga takardar zama. A Turkiyya da Masar iƙama ake nema, ana kuma sabunta ta. Ɗalibi sai ya shagala da neman ɗaki da gano masallaci, kwanakin su wuce, tara ta hau. Ka sa ranar ƙarewar fasfo da ta iƙama a waya, ta tuna maka saura wata 3. Fasfon da ya rage masa ƙasa da wata 6, ƙasashe da yawa kallon matacce suke yi masa. A Ingila kuma ɗalibin digiri awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma ba a rama na makon jiya a na yau.

Layin wayarka na gida kada ka bar wa ƙane. Ta nan banki ke turo lambar sirri. Ka buɗe wa layin damar aiki a waje kafin ka tashi, ka riƙa sa masa kati jefi-jefi, domin layin da ya daɗe a kwance ana sayar wa wani. Soket ɗin Ingila, Malesiya da Saudiyya irin namu ne. Na Masar da Turkiyya mai ƙafa biyu zagayayyu ne, sai da mahaɗi.

Sanyin can ba hunturun Bauchi ba ne da rigar sanyi guda ke maganinsa. Riguna uku marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, sun fi jibgegiya guda, kuma a can ake sayensu. A Landan cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin lokacin lacca, don haka ka nemi ɗakin sallar jami'a tun makon farko.

Yawon hutu ma yana da nasa tarkon. Bizar Ingila ba ta shigar da kai Faransa. Wannan sai bizar Schengen, wadda ƙasashen Turai da dama suka haɗu a kanta. Kafin ka tsallaka ko'ina, har da zuwa gida Sallah, ka tabbatar takardarka ta ba ka damar sake shiga, kuma ba za ta mutu kana waje ba.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗalibanmu sun yi kwanaki a iyakar Masar kafin jirage su kwaso su. Tun daga lokacin bai kamata wani ya zauna a ƙasa ba tare da sunansa na ofishin jakadancin Najeriya ba. Fasfo ya zauna a hannunka. In makaranta ta karɓa don aikin iƙama, ka amshi rasit. Hotonsa da na iƙama su kasance a imel ɗinka da wayar wani na gida, sannan a ware 'yar dala tsaba wadda ba a taɓawa ko kuɗin abinci ya yanke.