Yadda ake auna ginin labari a fim ɗin leƙen asiri

Kafin ka kunna fim ɗin, ka tsaga takarda gida uku: abin da jarumi ya sani, abin da abokin gaba ya sani, da abin da mai kallo ya sani. Duk minti 10 ka dakata ka cike su, ka rubuta lokacin a gefe. A irin wannan fim asiri shi ne jari, kuma labari yana motsawa ne kawai idan wani sirri ya tashi daga wannan gida ya koma wancan. Fitowar da aka yi ta tsere da harbi amma takardar ba ta canja ba, ado ce.

Sai ka ɗora ma'aunin zango uku. Syd Field, malamin rubutun fim, a littafinsa na 1979, ya ɗauki shafi ɗaya na rubutu a matsayin minti ɗaya na kallo, ya raba shafi 120 zuwa 30, 60 da 30. Wajen minti 25 zuwa 30 ka nemi inda hanyar komawa ta rufe wa jarumi, misali ya karɓi aikin, ko an kashe mai kawo masa labari. Wajen minti 90 kuma ya kamata ka same shi a ƙasa warwas, ofishinsa ya juya masa baya, fasfo ɗinsa na bogi ya tonu. Ba sai lissafin ya zo daidai cif ba. Fim mai minti 100, ka rage kowane zango gwargwado.

Tsakiya ita ce mai wuya, nan kuma yawancin rubutu ke sagewa. Wajen minti 60 tambayar labarin ce ya kamata ta sauya. Da jarumi yana neman wanda ya sace takardu. Yanzu ya gane da ɗan gari aka ci gari, ya koma neman maci amana a cikin gida. Idan tambayar ba ta sauya ba, za ka ga ana ta tashi daga wannan birni zuwa wancan don kawai a cike lokaci.

A nan aikin Vladimir Propp, masanin tatsuniya, ke da amfani. A 1928 ya nazarci tatsuniyoyin Rasha, ya fitar da matakai 31 da rukunin 'yan wasa bakwai, ciki har da mai aike, mai taimako, mai ba da kayan aiki da jarumin ƙarya. Ka rubuta kowane suna da rukuninsa, amma da fensir, domin dabarar fim ɗin leƙen asiri ita ce mutum ɗaya ya riƙe gurbi biyu. Misali, shugaban da ya tura jarumi, shi ne mugun. Ka koma baya ka ƙirga alamun da aka dasa kafin a tona shi. Uku sun isa: ya ambaci sunan otal ɗin da ba wanda ya gaya masa, ya amsa waya ya fita waje, ya matsa a sauya direba. Idan babu ko ɗaya, mai kallo zai ji an yi masa ungulu da kan zabo. Idan sun yi yawa, tun minti 40 ya gano, sauran kallon ya zama jira.

Gida na uku a takardarka shi ke nuna bambancin mamaki da fargaba. Daraktan fim Alfred Hitchcock ya kwatanta shi da bam a ƙarƙashin tebur: ya tashi ba zato, daƙiƙa 15 na mamaki, a nuna wa mai kallo shi tun farko, minti 15 na zaman ɗar-ɗar. Don haka ka duba ko akwai wurin da mai kallo ya riga jarumi sani. Marubuta da yawa suna ɓoye komai har ƙarshe, suna zaton wayo ne, sai zango na uku ya cika da dogon bayani a bakin mugu.

Shi kuwa abin da ake rububi a kai, jerin sunaye ne ko wata na'ura, jimla biyu sun ishe shi. A faɗi abin da zai faru idan ya shiga hannun maƙiyi, a wuce.