Kafin ka sayi sabon batir: gyaran wutar tsohuwar motar ture dusar ƙanƙara

Motata a-kori-kura ce, Chevrolet K2500 ƙirar 1997, da garmar ture dusar ƙanƙara a gaba. Da ita nake share harabar shaguna da ƙofar gidaje a Buffalo, jihar New York, daga Nuwamba har Maris. Garin yana bakin tafkin Erie, kuma idan iska mai sanyi ta bi ta kan ruwan kafin ya daskare, sai ta kwaso danshi ta zazzage mana a ka. A Nuwamban 2014 wasu garuruwan kudu da birnin sun samu dusar da ta kai kusan ƙafa 7 cikin 'yan kwanaki. A irin wannan dare, idan garma ta ƙi tashi da ƙarfe 3, ba ka da mai ceto sai abin da ka gyara tun Oktoba.

A Kano na koyi rewaya, don haka na zo da tunanin ba abin da waya za ta nuna mini. Ashe ban san gishiri ba. A nan gishiri ake watsawa a titi don ƙanƙara ta narke, tayoyi su fesa ruwansa ƙarƙashin mota, ya shiga duk inda waya ta haɗu da ƙarfe. A hunturuna na farko sai da na canja batir sau biyu, fitilu na ci gaba da dushewa duk lokacin da na ɗaga garma. Ranar da na yanka bawon wayar nagetif, jan ƙarfen ciki ya zama kore, yana marmashewa a hannu kamar ƙuli-ƙuli. Daga waje kuwa lafiya lau take. Batir biyun nan ba su da laifin komai.

Ka fara gane inda wutar take tafiya. Ba injin mota ke ɗaga garmar ba, famfon haidirolik ne, kuma abin da ke juya shi ɗan'uwan kik ne, yana jan amfiya 150 zuwa 200, wani lokaci fiye. Kik sau ɗaya kake yi ka tafi. Garma kuwa a dare guda sai ka ɗaga ta ka karkata ta sau ɗaruruwa, ga hita, ga waifa, ga fitilu, ga fitilar gargaɗi a saman mota. Altanetar da motata ta zo da ita mai amfiya 105 ce, kuma wannan adadi sai inji yana gudu sosai take ba da shi. Mai share haraba kuwa rabin aikinsa gaba da baya ne, inji kusan a silo. Duk giɓin da ya rage daga batir ake cirewa.

Saboda haka awo ne farko, ba saye ba. Sauke garma ƙasa, kashe mota, bar ta ta huta wasu awoyi, sannan ka ɗora mita a kan batir. Volt 12.6 cikakke ne. Idan ka ga 12.2, ya kai wajen rabi. Tayar da inji, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.7. Wannan kowa ya iya, kuma a nan yawancin mutane suke tsayawa.

Awon da ke tona asiri shi ne na wutar da ke ɓacewa a hanya. Waya mai tsatsa za ta nuna maka volt 12 cif idan ba a jan komai, sai an ɗora mata nauyi take fallasa. Ka samu wanda zai zauna a ciki. Sa tsinken mita ɗaya a kan fozitif na batir, a jikin dalmar kanta ba a matsewar ba, ɗayan kuma a kan notin fozitif na injin famfo. Ka tsaya nesa da inda garma ke juyawa, ka ce masa ya karkata ta har ƙarshe ya riƙe daƙiƙa biyu ko uku. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta zube a hanya. Idan ya haura rabin volt, akwai matsala. Daga nan sai ka bi gaɓa-gaɓa: kan batir zuwa solanoid (makunnin da ke sakar wa famfo wuta), ƙafa biyu na solanoid, solanoid zuwa soket (inda wayar garma ke haɗuwa da ta mota), soket zuwa famfo. Duk mahaɗar da ta ci fiye da volt 0.2 ita ce ɓarauniyar. Ka maimaita a ɓangaren nagetif, don ni dai a can na fi kama su. Idan ba mita a kusa, taɓa mahaɗun bayan aiki, wadda ta yi zafi ta tona kanta.

Kafin ka kwance komai, cire nagetif tukuna, shi kuma za ka mayar a ƙarshe. Cire zobe da agogon ƙarfe. Sifana ɗaya da ta haɗa fozitif da jikin mota za ta iya narkar da zobe a yatsa.

Motocin GM (kamfanin da ke ƙera Chevrolet) na zamanin tawa batirinsu a gefe ake ɗaure masa waya, kuma tsatsa na ɓuya a bayan robar da ta rufe kan wayar. Zare robar, wanke da bekin soda a ruwan ɗumi, goge da buroshin ƙarfe har ya yi ƙyalli. Ni na koma batir mai kai biyu, sama da gefe: wayoyin mota a gefe, na garma a sama. Cusa wayoyi uku a ƙarƙashin ɗan gajeren noti guda neman magana ne.

Gyaran da ya fi kowanne biyan kuɗinsa shi ne ƙara kaurin wayoyi uku: daga altaneta zuwa fozitif, daga nagetif zuwa shasi, daga inji zuwa shasi. A ma'aunin Amurka, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Ina amfani da lamba 2, irin ta masu walda, don tana lanƙwasuwa ko a tsananin sanyi. Ka tabbata jan ƙarfe ne zalla. Akwai mai araha wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, gishiri na cinye ta nan da nan. Ka matse kawunan da abin matsewa na gaske, ba guduma ba, ka rufe da robar nan da ke tsukewa da zafi, mai gam a ciki. Inda za ka ɗaure a shasi, goge da samfefa sai farin ƙarfe ya fito, ɗaure tamau, sannan ka shafe da gires. Sabuwar wayar altaneta kuma lallai a sa mata fiyus kusa da batir, tawa mai amfiya 175 ce. Nagetif na famfo ya koma batir kai tsaye, kada ka dogara da ƙarfen da ke riƙe garma, wanda rabinsa tsatsa ne.

Sai bayan wannan ake maganar altaneta. Na sa mai amfiya 145 ta motocin GM da suka biyo bayan tawa, ta zauna a mazaunin, illa ta buƙaci fanbel mai ɗan tsayi. Abin da ya burge ni ba lambar ba ce, yawan wutar da take bayarwa a silo ne. Amma wanda ya sa babbar altaneta a kan siririyar tsohuwar waya, ya sayi rijiya ne ya bar guga mai huji.

Batir na biyu yana taimakawa, sai dai ba ya ƙirƙiro wuta, ajiya kawai yake ƙarawa. Masu dizal na wannan ƙira da batir biyu suke zuwa, don haka na samo mazaunin na biyu a wurin 'yan gwangwan. Fozitif da fozitif, nagetif da nagetif, kuma su zama iri ɗaya, sa'annin juna, in ba haka ba tsohon zai riƙa tsotse sabon. Duba lambar CCA, wato amfiyar da batir ke iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas. Batir da ya sauka yana iya daskarewa, kuma wanda ya daskare ba a yi masa caji ko jona shi da wata mota, a kai shi ɗaki ya narke tukuna.

Kan fitilu ra'ayina ya saɓa da na abokan aiki da yawa. LED ba ta cin wuta, gaskiya ne, amma gilashinta ba ya ɗumi, dusa ta manne ta rufe haske. Na bar ƙwan halojin mai ɗumi a fitilun garma, na sa musu rile, wato ƙaramin makunnin da ke ɗaukar nauyin wuta, don kada nauyin ya bi ta tsohon makunnin cikin mota. Fitilar gargaɗi da ta ribas su na mayar LED.

Soket ɗin da ke gaban mota shi ya fi shan gishiri. Duk lokacin da na cire garma, ina shafa masa gires ɗin lantarki, in rufe da murfinsa. Solanoid kuma yakan gaji: ka ji ƙas, famfo shiru. Yakan kuma manne, famfo ya ƙi tsayawa, to a nan sai ka yi maza ka cire nagetif. Shi ya sa a bayan kujerata akwai solanoid sabo guda, da fiyus, da rile biyu, da mita, da sifanar da ta dace da kan batir, na ɗaure mata jan ƙyalle don in gan ta idan ta faɗa cikin dusa.