Yadda za ka haɗa kabad ɗin melamin ya yi ƙarko

Farin gam na katako ba ya kama fuskar melamin, wato allon da aka lulluɓe fuskarsa da wani siririn rufi mai tauri, santsi gare ta kamar roba, gam ɗin zai bushe a kai ne kawai ka ɓamɓare shi da farce. Inda yake kamawa shi ne bakin da aka yanka. Don haka ka huda ramuka ka sa turakun katako masu kaurin milimita 8, ka ɗiga gam cikin ramin, sannan ka ɗaure da sukuru Confirmat, wato sukuru mai kauri na haɗa irin wannan allo, mai kaurin milimita 7 da tsawon milimita 50 in kaurin allon naka milimita 18 ne.

Don Allah kar ka buga ƙusa, kuma kar ka tura sukuru ba ka fara hudawa ba, cikin allon garin katako ne da aka matse, nan take zai fashe. Ka bar kamar santimita 5 daga ƙarshen allo zuwa inda za ka sa sukuru.

Kafin ka sa bayan kabad ɗin, auna kusurwa zuwa kusurwa a karkace ta ɓangare biyu, in awon ya zo ɗaya to ya miƙe. Na ƙarƙashin wurin wanke-wanke kuwa, duk bakin da ke buɗe ka rufe shi da tef ɗin rufe bakin allo ko gam ɗin silikon, ruwa na shiga allon zai kumbura.