Daga Auna Majinyaci Zuwa Gane Abin da Ke Damunsa

Ɗalibin jinya na shekarar farko awo ake koya masa: zafin jiki, bugun jijiya, numfashi da hawan jini. Wanda ya kai shekara ta uku, ko ya yi nisa a digirin shekara 5 na Jami'ar Bayero, ana sa ran ya haɗa lambobin nan ya faɗi inda matsalar take. Hakan ba ya yiwuwa in awon ya zo da kuskure.

Ɗalibai, ku fara da numfashi, domin shi aka fi yi wa ganganci. Ku ƙirga minti ɗaya cur, hannunku na kan jijiyar majinyaci don kada ya lura ya sauya yadda yake shaƙa. Babba yana yin 12 zuwa 20. Yaro ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, yana tari kuma, ku kawo limoniya a ranku. Ku ɗaga rigarsa ku ga ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa.

Kafin awon hawan jini, a bar mutum ya zauna minti 5, hannunsa daidai da ƙirjinsa. In maɗaurin ya yi wa damtse kaɗan, lambar za ta haura gaskiya. Na'urar iskar oksijin ta yatsa kuwa, sanyin hannu ko jan farce na iya ruɗa ta.

Inda matakin karatu ke bayyana shi ne bayan an rubuta. A ɗakin awon ciki mai cunkoso irin na Asibitin Murtala, sabon ɗalibi zai rubuta hawan jini 160/110 ya kira ta gaba. Wanda ya ƙware zai tsaya ya tambaya: "Hajiya, cikin wata nawa ne? Akwai ciwon kai? Idonki na yin dishi-dishi?" Sai ya sa a gwada fitsari, ya sanar da likita nan take, don jijjigar da hawan jini ke jawo wa mai ciki ba ta jira.

Malamai, kada ku tsaya ga duba takarda. A gaban gado ku tambayi ɗalibi me lambar ke nufi, me ta kasance jiya, wa zai kira in ta sauya.