Masu neman aiki, ku haɗa dosiyenku a waya tun kafin a buɗe ɗaukar aiki

Salam ƴan uwa na Damagaram, wata ƴar shawara.

Ka ɗauki CV ɗinka da diplom da atestasiyon sitaj, ka yi masu sikan sau ɗaya, ka haɗa su PDF guda ka ajiye a waya da cikin imel ɗinka.

Sunan fayil ɗin ya zama sunanka da aikin da ka iya, kar ka bar shi "document1" don Allah, mai dubawa dosiye ne tuli a gabansa, wanda ya ga suna a kai shi zai iya sake nemowa.

Sanarwar aiki ta ONG ko ta ANPE (hukumar samar da aikin yi) sau da yawa kwanaki kaɗan take bayarwa, in sai ranar za ka fara yawon siber ga wuta ta ɗauke, wallahi an rufe kana kan hanya. In dosiyen na waya kuwa, ga kuɗin fotokopi da na kabu-kabu sun huta.

Atestasiyon kuma ka karɓe ta kafin ka bar wurin sitaj, shef yana canjawa.

Amma konkur na gwamnati takarda suke so wadda aka legalize a meri, kuma kaziye judisiyer (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka) wata 3 take aiki, ita kar ka ciro da wuri.