Yadda ake mayar da amsoshin ɗalibai zane a kan kwali

Malamin zane da ya raba wa ɗalibansa takardar tambayoyi yakan ƙare da tarin amsoshi a aljihun tebur, ko kuma a buga su a kwamfuta a fitar da sanduna uku masu launin shuɗi da ba mai tsayawa ya kalla. Alhali a ajin zane da tsara fasali waɗannan amsoshin kayan aiki ne, kamar fenti da zare. Sharaɗin dai guda ne: kowane ɗalibi ya sami alamarsa ɗaya a jikin zanen, kuma a tsayar da ƙa'idar alamar kafin a fara neman kyau.

Daga tambaya ake gyara aikin ko a ɓata shi. Kada ta wuce biyar, kuma a bambanta irinsu, domin kowace iri da yadda ake zana ta. Ɗaya ta zaɓi: da me kake zuwa makaranta? Ɗaya ta adadi: minti nawa kake yi a hanya? Ɗaya ta ma'auni daga 1 zuwa 5: yaya gajiyarka idan ka iso? Tambaya irin “me kake ji game da karatu?” daɗin yi gare ta, amma amsa arba'in daban-daban za ta kawo, a rasa inda za a kama. Ba a neman suna ko lambar ɗalibi. Bayan an tattara takardun a cakuɗa su, sannan a rubuta 1, 2, 3 a bayansu. Idan mata biyu ne kacal a ajin, a bar tambayar jinsi, don kowa zai gane su a bango.

Sai tebur, a littafi ko a Excel: layi ɗaya ɗalibi ɗaya, kowace tambaya da gurbinta. Nan ne ake tace amsoshi. Wani ya rubuta acaba, wani kabu-kabu, wani mashin haya, duk abu ɗaya ne, a ba su suna ɗaya. “Rabin awa” ya koma 30. Wanda ya bar gurbi fayau kada a cika masa, kada kuma a yar da takardarsa.

A ce ɗalibai 48 suka amsa, aka zaɓi fasalin faifai, tunda ido ya saba da shi. Kwali mai girman A2 faɗinsa santimita 42 ne, tsawonsa kusan 59. A kafa kamfas a tsakiya a zagaya da'ira mai nisan santimita 5 daga cibiya, a bar cikinta ba komai, nan za a rubuta tambayar. A raba 360 gida 48, kowane ɗalibi ya tashi da digiri 7.5. Daga bakin da'irar ake jan layin kowa zuwa waje, santimita 1 a madadin minti 5. Mai tafiyar awa guda zai ci santimita 12, faifan duka ya tsaya a 34, ya bar gefe. Launin layi shi ne abin hawa. Ɗigo a ƙarshen layi, daga ɗaya zuwa biyar, shi ne gajiya. A ja da'irori marasa kauri da fensir a kan minti 15, 30, 45 da 60, irin zagayen saƙar faifai, su zama ma'auni ga mai kallo.

Kafin alƙalami ya taɓa kwali a jera amsoshin: masu tafiyar ƙafa wuri ɗaya, masu keke wuri ɗaya, kuma a cikin kowane rukuni daga gajere zuwa dogo. Idan aka bi su yadda takardun suka zo, abin da zai fito bushiya ce, ba labari.

Kuskuren da ya fi yawa a irin wannan zane shi ne cike yankin kowa da fenti kamar yankan kankana. Yanki yana buɗewa ne yayin da yake nisa da cibiya, saboda haka mai minti 60 zai mamaye fili fiye da ninki biyu na mai minti 30, ido kuwa fili yake aunawa. A bar layuka su zama kauri ɗaya. Haka da'ira: idan aka ninka faɗinta, cikinta ya ninku sau huɗu. Mai son nuna ninki biyu sai ya ƙara faɗin sau 1.4 kawai. Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, a zanenta na 1858 kan mace-macen sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya, da girman fili ta auna adadi, ba da tsawo ba. Otto Neurath kuma, masanin zamantakewa a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya ɗauki hanya mafi sauƙi, wadda ta fi dacewa da masu koyo: abu ya yi yawa, a maimaita alamarsa, kada a kumbura ta.

Ga masu son aikin hannu sosai, birnin Katsina kansa allo ne. A tambayi ɗalibai ta wajen wace ƙofa suke fitowa, a sami falanki santimita 60 a kowane gefe, a zana taswira sama-sama, a kafa ƙusa 'yar inci ɗaya a Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri da sauransu, da wata a inda makaranta take. Kowane ɗalibi zare ɗaya daga ƙofarsa zuwa makaranta. Inda aka fi yawa zaren zai yi kauri da kansa. Ƙusar makaranta ita ke ɗaukar nauyin duka, takan karkace. A kafa uku kusa da juna a raba musu. Kuma a yi amfani da zaren ɗinkin hula, don zaren ulu yana miƙewa ya saki.

Launi kada ya haura biyar. Ja da kore kada su zama su kaɗai ke raba rukuni biyu, akwai masu ganinsu kusan iri ɗaya, galibi maza. A ɗauki hoton zanen da waya a mayar da shi baƙi da fari. Launukan da suka haɗe, a canza ɗaya ko a sa masa tsaga. Da hunturu gam yana bushewa kafin a gama liƙi, kwali ya nannaɗe, don haka a shafa kaɗan-kaɗan a danne da littattafai ya kwana. Tawadar maka kuwa rana na cinye ta, a nisanta allon da taga.

Aikin hannu ba koma-baya ba ne. Zanukan da W.E.B. Du Bois, masani ɗan Amurka, ya kai baje kolin Faris a 1900, kan rayuwar baƙaƙen fatar Amurka, da hannu aka yi su tare da mutanen Jami'ar Atlanta. Mai son kwamfuta dai zai iya zuba teburin a RAWGraphs, manhajar da ke mayar da tebur zane, ya fitar da zanen a fayil irin na SVG, ya gyara shi a manhajar zane ta Inkscape. Sai dai ya duba ɓ, ɗ da ƙ kafin ya kai wurin bugawa, domin wasu nau'o'in haruffa akwati suke fitarwa a gurbinsu.

A kusurwar ƙasa a zana mabuɗi: layi ɗaya na misali, da kibiya tana nuna tsawo, launi da ɗigo. A rubuta mutum nawa aka tambaya, nawa suka amsa, da wata da shekara. Waɗanda suka bar gurbi a ba su layi mai ruwan toka. Sannan a kira ɗalibin wani sashe da bai san aikin ba, a ce ya nuna wanda ya fi kowa daɗewa a hanya, ya kuma faɗi abin hawan da ya fi yawa. Idan minti ɗaya ya wuce yana lalube, a sake mabuɗin kafin a rataye.