Idan Bature ya ce maka "taking the mickey"

'Yan uwa masu karatu ko aiki a Ingila, ga wata dabara da za ta rage muku ɓata lokaci.

Idan kun ji karin magana irin wannan, kar ku fassara ta kalma-kalma a Google Translate. Ku rubuta karin maganar gaba ɗaya a shafin Cambridge Dictionary. Kyauta ne, ba sai kun sayi littafin karin magana ba.

Dalili kuwa, ƙamus ɗin yakan nuna inda ake amfani da magana da kuma nauyinta. Wannan, alal misali, za ku ga an ce ta 'yan Birtaniya ce, ta hira. Ma'anarta zolaya, a mayar da mutum abin dariya. Tsakanin abokan aiki sau da yawa tamkar wasan taubashi ne, idan ka hau fushi kai za a ga baƙo.

Amma ku kula da murya. Mutum ya ɗaure fuska ya ce "Are you taking the mickey?", to ba wasa yake ba, cewa yake ka raina masa hankali, kamar idan an tsuga masa farashi. Ƙamus ba zai nuna muku fuskar mai magana ba.

Akwai 'yar uwarta da ke ƙarewa da "piss". Ma'ana ɗaya, amma ashar ce. Kar ku kuskura ku faɗe ta gaban manaja ko malami, ko da kun ji yaran gari na yi.

A Amurka kuma da wuya a gane "mickey" ɗin. Can ku ce "make fun of".